Filastar waje: yaushe ake faci, yaushe ake sarewa a sake

Kowace shekara, da zarar ruwa ya ɗauke a ƙarshen watan Oktoba aka fara jin sanyin hunturu da asuba, wayata ba ta hutawa, kuma kusan duk mai kira magana ɗaya yake yi: bangon gidansa ya yi baƙi, fenti ya ɓamɓare, yana so in turo yara su ɗan shafe wuraren da suka tsage kafin mai fenti ya zo. Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina aikin gini da filasta a Zariya da kewayenta, daga cikin birni zuwa Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, kuma yanzu ina da ɗan kamfanina da birkiloli huɗu da leburori da yara masu koyo, amma har yau ban taɓa yanka kuɗin aiki ta waya ba. Sai na je na tsaya a gaban bangon. Kayan da nake tafiya da su ba su da yawa: wata 'yar guduma da ƙotarta ta yi santsi saboda riƙo, da ƙusa mai inci huɗu, da alli, da gorar ruwa. Da waɗannan huɗun nake gane ko filastar gida tana da sauran kwana ko ta riga ta mutu tana jiran ranar faɗuwa.

Guduma ce ke fara aiki. Filasta mai lafiya, wadda ta kama bulo ta zama jiki ɗaya da shi, idan ka ƙwanƙwasa ta za ka ji ƙara gajeriya mai tauri kamar ka bugi dutse, kuma gudumar tana dawo maka a hannu. Wadda ta rabu da bulo ta baya kuwa, ko da fuskarta sumul take kamar jiya aka gama ta, amsarta daban ce, domin tana yin wani sauti mai zurfi irin na ƙwaryar da mata suka kife a kan ruwa za su yi kiɗa. A cikin yarana cewa muke yi wurin ya yi ganga. Ina bin bangon daga kusurwa zuwa kusurwa, taku ɗaya ƙwanƙwasa uku ko huɗu, sama da ƙasa, har inda tsani ya kai ni, duk wurin da ya yi ganga in kewaye shi da alli. Idan na gama sai in ja da baya zuwa tsallaken hanya in kira mai gida ya zo mu kalla tare. Sau da yawa a nan ne fuskar mutum take sauyawa, domin bangon da yake yi wa kallon kitse ya zama rogo a gabansa, allin ya cika shi kamar allon makaranta.

Wannan sauraron bango a wurin kawuna na koye shi, Allah ya jiƙansa, wanda maginin ƙasa ne a cikin birni, irin mutanen da suka tashi da tubali da azara tun kafin bulo ya zama ruwan dare. Ina ɗan shekara goma sha huɗu aka kai ni wurinsa, kuma na shekara biyu ban taɓa cokalin gini ba, aikina shi ne ɗebo ruwa da cuɗa ƙasa da ramno, wato ciyawar da ake sa wa ƙasar gini, da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa a sake cuɗawa. Shi ba ya riƙe guduma, da zoben azurfar da ke hannunsa yake ƙwanƙwasa bango yana tafe yana hira da mai gida kamar hankalinsa ba ya wurin, sai ka ga ya tsaya cak ya sake bugun wuri ɗaya. Wata rana a bayan wani soro ya ce in buga in gaya masa abin da na ji. Na buga na ce, “Kawu, lafiya lau yake.” Bai ce mini komai ba, ya sa yatsa biyu a gefen wurin ya ɗan ja, sai ga yaɓe mai faɗin faifai ya zame ya faɗo a kan ƙafata, bayansa gara ta yi hanyoyi kamar jijiyoyin ganye. Ya dube ni ya ce, “Ka buga da hannu amma ba ka saurara da kunne ba, sake.” Ranar sai da na bi bayan gidan nan kaf kafin ya bar ni na ci abinci.

Mutanen wancan zamani sun ɗauki yaɓe a matsayin rigar gini, kuma sun san riga tana tsufa. Kafin damina ake duba ta a sabunta. Na ga ana jiƙa ɓawon ɗorawa a manyan tukwane har ruwan ya yi ja wur, a kwaɓa makuba da shi a shafe bango don ruwan sama ya zame, na kuma ga ana haɗa laso da katsin da ake kwasowa daga marina da dafara da gashin da ake samu wurin majema, a yi wa saman soro da rawanin da ke kewaye saman gini da bakin indararo, wato wuraren da ruwa ya fi ci. Tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da ƙasa aka yi shi, kuma bakan gizonsa na ciki, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe rufi, sun daɗe ƙwarai a tsaye, domin ya shekara fiye da ɗari ana kula da rigarsa kafin daga baya a yi sabon gini a lulluɓe shi. Da siminti ya zo sai mutane suka ɗauka an rabu da wannan wahala har abada, suka daina duba bango sai ranar da wani abu ya faɗo. Filastar siminti ta fi yaɓe daɗewa nesa ba kusa ba, wannan gaskiya ne, amma ita ma riga ce, kuma illarta ita ce tana ɓoye ciwonta, alhali yaɓen ƙasa a fili yake nuna nasa.

Idan na isa gida, bangon gabas nake fara nema. Duk wanda ya zauna a Zariya ya san daga gabas hadari yake tasowa, da iska mai ƙarfi a gabansa, kuma ruwan farko a karkace yake zuwa ya doki bango kai tsaye maimakon ya sauka a kan kwano. Daga watan Mayu zuwa Oktoba bangon gabas yana shan wannan duka, a watan Agusta kuwa yakan yi kwanaki bai bushe ba. Saboda haka gida ɗaya, aikin mutum ɗaya, siminti ɗaya, za ka tarar gabas ta mutu alhali arewa tana nan garau. Bangon yamma nasa ciwon daban ne, rana ce take gasa shi da yamma a watannin Maris da Afrilu, dare ya yi ya huce, kullum yana buɗewa yana tsukewa har ƙananan tsaga su bayyana.

Maganar tsaga ita ce inda aka fi ruɗa masu gida, kuma ita ce inda marasa tsoron Allah suka fi cin kuɗinsu, domin ba kowace tsaga ce ke nufin filasta ta mutu ba. Akwai wadda take siririya kamar gashi, ta bazu a fuskar bango tana haɗuwa da juna kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Ita wannan tun ranar aiki aka haife ta: ko dai siminti ya yi yawa a kwaɓin, ko yashin ya cika laushi, ko birkila ya yi ta gogar fuskar da cokali har ruwan siminti ya taso sama, ko kuma ba a ba bangon ruwa ba iska ta busar da shi da wuri. A nan gorar ruwa take amfani. Ina watsa ruwa a wurin in jira minti kaɗan, fuskar za ta bushe amma layukan tsagar su tsaya da duhu, sai in ga iyakar inda suka kai. Idan na ƙwanƙwasa na ji tauri, ina gaya wa mai gida ya bar kuɗinsa a aljihu, a cike su a yi fenti mai kyau, ya ishe shi shekaru. Na sha rasa aiki saboda wannan magana, amma mutanen da na gaya wa haka su ne suke turo mini 'yan'uwansu.

Tsagar da take miƙe sambal a ƙarƙashin linta, wato kankaren saman ƙofa ko taga, ko a gefen ginshiƙin kankare, wurin da kankare ya haɗu da bulo, ita ma sananniya ce, domin kankare da bulo ba sa motsi tare idan zafi ya taɓa su, kuma wanda ya yi aikin farko bai sa ragar waya a mahaɗar ba. Wannan gyaranta a buɗe layin, a kafa raga, a mayar. Wadda take tayar mini da hankali ita ce mai hawa kamar matakala tana bin layin bulo, ko mai tasowa a karkace daga kusurwar taga, musamman idan na shiga ɗaki na tarar da ita a ciki daidai wurin da take a waje. Wannan ta wuce filasta, harsashin ginin ne yake zama, kuma ko da zinariya ka shafe ta sai ta dawo. Abin da nake yi shi ne in manna ɗan kwaɓaɓɓen siminti kamar girman kwabo a kan tsagar a wuri biyu ko uku, in rubuta kwanan wata a gefe da ƙusa, in ce a bar shi wata biyu. Idan ya tsage, ginin yana tafiya ke nan, sai a nemi injiniya kafin a neme ni. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a sana'armu ƙadangaren da muke tsoro shi ne ruwa, domin tsagar da bakin reza zai shiga ta isa ta shayar da bayan filasta damina guda, kuma daga nan ganga take farawa.

Sai ƙusa. Ina kartar fuskar filasta da ita da ƙarfin hannu matsakaici. Filasta ta gari farin layi kawai ƙusa za ta bari a kanta, amma akwai wadda ƙusar za ta nutse kamar ka karci busasshen tuwo, yashi yana zuba a kan takalminka, wata ma tafin hannu kawai za ka goga ka ga ya cika da gari. Idan na ga haka ba na ƙara wahalar da kaina da alli, domin bangon gaba ɗaya ba shi da ƙarfi, kuma sabon faci ba zai kama jikin da yake marmashewa ba. Wannan ba tsufa ba ne, ha'inci ne, kuma nan ne takaicina yake. Buhun siminti kilo 50 ne, yana cika kwanon sarki biyu. Filastar waje kwano ɗaya na siminti ake haɗawa da huɗu ko biyar na yashi, wato buhu ɗaya ya ci kwano takwas zuwa goma. Na tsaya da idona na ga ana zuba wa buhu ɗaya kwano goma sha takwas, kwaɓin ya fito fari fat kamar kunun kanwa, mai aikin yana ta yabon kansa cewa ya yi wa mai gida tattali. Na ga ana kwaɓa tuli guda da hantsi, a tafi sallar azahar a ci abinci, a dawo ya fara daskarewa a zuba masa ruwa a farfaɗo da shi a manna a bango, alhali simintin da ya fara kamawa aka tashe shi ba ya ƙara yin ƙarfinsa na farko. Irin waɗannan su ne suke karɓar aiki a rabin kuɗina, kuma su ne ake kawo mini misali da su idan ana ciniki: “Malam, wane ya ce zai yi da buhu ashirin, kai ka ce talatin da biyar.” Amsata kullum ita ce bangon bai san ciniki ba, faɗinsa da tsayinsa suna nan, kaurin filasta yana nan, duk wanda ya rage buhu goma sha biyar to daga jikin bangon ya cire su.

Yashi ma yana da nasa laifin, kuma masu kawo shi sun sha sa ni ciwon kai. Muna yara da jakuna ake kawo mana shi a mangala daga bakin Kubanni, kana ganin abin da aka sauke maka ɗan kaɗan ɗan kaɗan, idan bai yi ba ka mayar. Yanzu tifa ce, kuma akwai direban da ya taɓa nuna mini yashi mai kyau a leda da safe, ya bari sai bayan magariba ya zo ya juye mini rabin laka a ƙofar gidan mutane ya kashe wayarsa. Yashi mai laka yana da daɗin aiki a hannun birkila, yana bin cokali kamar man shanu, shi ya sa malalata suke son sa, amma yana shan ruwa da yawa, idan ya bushe ya tsuke ya tsattsage ya saki bango. Tun daga ranar ba a sauke mini tifa sai na ɗebi yashin na zuba a kwalba zuwa rabi, na cika da ruwa da ɗan gishiri, na girgiza na ajiye. Yashi yana kwantawa nan take, laka ta biyo baya ta zauna a samansa da launinta daban. Idan kaurinta ya doshi kashi ɗaya cikin goma na yashin, motar ta koma inda ta fito, ko direban zai yi rantsuwa da duk abin da ya sani.

Akwai ciwon da yake tasowa daga ƙasa, kuma shi ne wanda ya fi yawa a unguwannin da suke kusa da fadama da kuma lungunan da aka yi ta cika hanya har ta fi daɓen gida tudu. Alamarsa layin danshi mai lanƙwasa daga ƙasa zuwa gwiwa ko ƙugu, fenti ya kumbura ya yi ƙuraje, wani farin gari kamar kanwa ya fito a kai, filastar ta yi laushi tana zuba. Ruwan ƙasa ne yake hawa ta cikin bulo ɗauke da gishiri, ruwan ya bushe a fuska gishirin ya tsaya yana cin siminti. Kafin in yi maganar sarewa sai na zagaya na nemo inda ruwan yake fitowa, domin wani lokaci ba a shimfiɗa leda a kan harsashi ba tun farko, wani lokaci kwata ce ta toshe a gindin bango, ko bututun banɗaki yana yoyo a ciki, ko sokawe ya cika, ko wurin alwala ne aka yi a jikin bangon, ko furannin da uwargida take ba ruwa safe da yamma. Salon da ake yayi yanzu na manna tayil a gindin bango don a rufe wannan ciwo ba na goyon bayansa, domin danshin da aka hana fita ta ƙasa hawa yake yi ya fito a saman tayil ɗin, ko ya juya ya fito a cikin ɗaki bayan gado. Gyaran gaskiya shi ne a tare ruwan, a sare filastar har a wuce layin danshin da kamar kamu ɗaya, a bar bulo ya sha iska makonni, sannan a mayar.

Daga sama kuma, gidajen zamani da ake ɓoye kwano a bayan rawani sun ƙara mana aiki. Gidan da kwanonsa ya fito ya yi wa bango inuwa yana da malafa, wanda aka yi wa rawani ba tare da an rufe kansa da kyau ba kuwa ruwa yana zama a kan bulo ya gangara ta bayan filasta, sai ka ga baƙaƙen layuka da gansakuka suna saukowa kamar hawaye. Haka ƙarƙashin taga idan ba a yanka ɗan layin da ruwa zai ɗiga ba. Idan na ga filasta ta kumbura a kan linta ko a gefen rufin kankare da tsatsa ja tana fitowa, to rodi ne ya ji ruwa, kuma ƙarfe idan ya yi tsatsa kumbura yake yi ya tura kankaren da ke kansa waje. Wannan ba a jira da shi.

Aikin da ya fi buƙatar hankali shi ne gidajen ƙasa na cikin birni da aka yi wa filastar siminti a kai. Ƙasa tana numfashi, tana shan danshi tana saki, siminti kuwa ba ya yi, kuma ba sa manne wa juna sai da dabara, shi ya sa magabata suke kafa ƙusoshi ko waya ko su soka tsakuwa a jikin ƙasar kafin su shafa. Idan ruwa ya sami hanya ta kan rawani ko ta gefen indararo, yana shiga ya jiƙa ƙasar, simintin ya hana ta bushewa, ta narke a ɓoye, gara ta samu gida. Bara waccan da damina wata dattijuwa a wajen Ƙofar Doka ta aiko jikanta ya kira ni, wai wata 'yar tsaga ce a gaban zaure take so a toshe. Da na isa na ga fuskar zauren da tsohon zane mai dagi a saman ƙofa, aikin hannu mai kyau wanda yanzu masu yin sa sun yi ƙaranci, amma gefen dama ya yi ciki ya turo waje, kuma a daidai ƙarƙashinsa almajirai suke zama da allunansu. Ban ma buga da ƙarfi ba, da na ɗora tafin hannu na danna sai na ji faifan gaba ɗaya yana motsi. Na ce, “Hajiya, a tashi yaran nan daga wurin yanzu, kafin mu yi maganar kuɗi.” Ta ce, “Ɗana, bangon nan tun mai gidan yana da rai yake haka.” Na ce mata, “Allah ya jiƙansa, Hajiya, amma bana ba zai kai kaka ba.” Da muka tokare muka fara saukewa a hankali, wurin da hannu zai shiga har gwiwar hannu muka tarar a baya, ƙasar ta zama taɓo. Mun ceci zanen saman ƙofa domin shi yana nan da ƙarfinsa, muka cike ramin da sabuwar ƙasa da aka cuɗa yadda kawu ya koya mini, muka bar ta ta bushe sarai, muka kafa raga, sannan muka shafa kwaɓi mai sauƙin siminti wanda ba zai fi ƙarfin bangon ba, muka gyara bakin indararon da ya jawo abin tun farko. Birkilan da bulo kawai ya sani da ya cusa kankare a ramin ya tafi.

Game da faci ko sarewa, ƙa'idar da nake bi ita ce idan wuraren da na kewaye da alli ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na bangon ba, kuma sauran ya ci jarrabawar ƙusa, faci ya wadatar, sai dai a yanka gefen wurin a miƙe har a kai ga mai lafiya. Idan sun doshi kashi ɗaya cikin uku, ko suna warwatse ko'ina, sarewa ta fi araha, domin kowane faci yana da baki, kuma kowane baki wurin sabuwar tsaga ne. Wani Alhaji a Tudun Wada ya kira ni saura mako uku bikin 'yarsa, yana son a yi faci a yi fenti. Bangon gabas ya fi rabi alli. Na ce, “Alhaji, ranka ya daɗe, wannan sarewa yake so, kuma sabuwar filasta ba a yi mata fenti sai ta yi kamar mako huɗu, idan aka yi da wuri danshi da ƙarfin siminti za su cinye fentin.” Ya ce baƙi za su zo daga Kano da Kaduna, ba zai tarbe su da bango tsirara ba. Muka daidaita a kan in sauke wuraren da za su iya faɗo wa mutum, a rufe da rumfa da labule ranar biki, aikin gaske ya jira. Ransa bai so ba, har ya ce mini taurin kai gare ni, amma bayan biki da kwana uku shi ya kira.

Yadda muka yi nasa haka muke yi wa kowa. Mun sare har bulo, muka kankare layukan, muka share ƙura da burushin waya, muka jiƙa bangon tun daren jiya don kada busasshen bulo ya tsotse ruwan kwaɓi. A kan kankare mai santsi muna watsa ruwan siminti da yashi mai kaushi mu bar shi ya kwana biyu ya yi ƙaya-ƙaya, don filasta ta sami abin kamawa. Kauri milimita 12 zuwa 15 ne, inda bango ya karkace yana son fiye da haka sai mu yi shi hawa biyu, mu karce na farko mu bar shi ya kama, ba ma lafta shi lokaci ɗaya. Ba a kwaɓa abin da ya fi wanda za a shafe cikin awa guda. Muna bin inuwa, yamma da safe, gabas bayan azahar, kuma muna gamawa da katakon goga don fuskar ta ɗan yi kaushi. Sai ban ruwa kwana bakwai, safe da yamma, wanda a garin nan da ruwa yake wuya kuɗi ne na gaske, domin kura-kura muke saya wurin masu ruwa, kuma shi ne abu na farko da masu araha suke tsallakewa tunda mai gida ba ya gani. Aikin Alhaji ya faɗo a tsakiyar Disamba, iskar hunturu tana busar da wanki cikin awa ɗaya, don haka sai da muka rataya jiƙaƙƙun buhuna a jikin bangon, na kuma ajiye yaro ɗaya ba shi da aiki sai yayyafa musu ruwa. Da kwana 28 suka cika na koma, na miƙa wa Alhaji gudumar na ce ya bi bangon da kansa. Ya bi shi daga kusurwa zuwa kusurwa yana bugawa, sannan ya zagaya bangon kudu wanda ba mu taɓa ba, ya ci gaba da bugawa, can kusa da tagar kicin ya tsaya ya sake buga wuri ɗaya sau biyu, ya juyo ya ce in ba shi allin.